Mita Goma da Agogon Waya: Yadda Ake Auna Tafiyar Mai Shanyewar Ɓarin Jiki

Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da zarar ya farfaɗo bakinsa ya buɗe, abin da ya fi tambaya shi ne yaushe zai taka. Iyalinsa ma haka. Ranar da ya miƙe ya yi taku biyar daga gado zuwa bakin ƙofa, sai a yi godiya ga Allah, labari ya zaga dangi cewa Baba ya fara tafiya. Daga nan lissafi ya tsaya. Wata uku, wata shida, duk wanda ya zo dubiya ya tambayi jiki, amsar ɗaya ce: da sauƙi. Ladabi ne kuma addu'a ce, amma ba ta gaya wa kowa ko ƙafar tana ƙara ƙarfi, ko ta tsaya inda take, ko ma ta fara ja da baya. Mutanen gida kuwa su suka fi kowa kasa ganin canji, don kullum suna tare da shi.

Akwai awon da ke raba wannan gardama, kuma ba ya bukatar lantarki ko wata na'ura. Tef ɗin awo, alli, agogon ƙidayar sakan da ke cikin kusan kowace waya, da fili mai tsawon mita goma: kayan aikin ke nan. Likitocin fisiyo, waɗanda a asibitocinmu aka fi sani da masu gashi, sun daɗe suna yin sa a ko'ina a duniya. A 2009 wasu masana biyu a Amurka, Stacy Fritz da Michelle Lusardi, sun kawo hujjar cewa ya kamata a ɗauki saurin tafiya a matsayin alama ta shida ta lafiyar jiki, a jera shi da bugun zuciya, numfashi, zafin jiki, awon jini da kuma zafin ciwo. Dalilinsu shi ne tafiya aikin gayya ce: ƙwaƙwalwa, jijiya, tsoka, ido, zuciya da huhu duk suna da hannu a ciki, kuma in ɗaya ya gaza agogo zai nuna.

A kudancin Kaduna wannan awo ya fi dacewa da gida fiye da asibiti. Mutum ne daga Godogodo, ko Kwoi, ko Manchok, ko wani ƙauye a bayan Zonkwa. Ciwon ya buge shi, an kai shi babban asibitin Kafanchan mai ɗauke da sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, ko an wuce da shi asibitin koyarwa na Jos. Bayan 'yan kwanaki ko 'yan makonni an sallame shi. Komawa ganin likitan fisiyo a kai a kai kuɗin mota ne na mutum biyu, da wahalar ɗaukar mara lafiya, da hanyar da damina ta ɓata. Saboda haka galibin warkewar a tsakar gida take faruwa, a hannun mata da 'ya'ya, sai ma'aikacin ƙaramin asibitin unguwa in an dace. Kuma lokacin ba mai jira ba ne. Wani babban bincike da aka yi a Kofanhegan ta ƙasar Danmak, wanda aka buga a 1995, ya gano cewa kashi 95 cikin ɗari na marasa lafiya sun kai matakin tafiyar da za su kai ne cikin makonni 11 na farko. Abin da suka auna shi ne ko mutum na tafiya da kansa ko sai da taimako. Saurin kansa yana iya ci gaba da ƙaruwa bayan haka idan ana atisaye. Duk da haka, watanni ukun farko su ne kakar wannan aiki, kuma su ne ya fi kamata a riƙa aunawa.

Filin awo

A nemi wuri shimfiɗaɗɗe, mai tauri, busasshe, wanda ya kai mita goma a miƙe da ɗan sarari a kowane ƙarshe. Barandar ƙaramin asibiti ta yi. Barandar makarantar firamare bayan an tashi ta yi. Tsakiyar coci tsakanin layukan benci a ranar da ba sujada, ko harabar masallaci mai daɓen siminti bayan an naɗe tabarmi, duk sun yi. Tsakar gida ma ta yi in an share ta kuma ba ta da gangara. Wannan batun gangara a kula da shi, domin gidajen da ke gindin duwatsun Kagoro da makamantansu ba kasafai filinsu ke kwance daidai ba, kuma 'yar gangarar da mai lafiya ba ya ji, mai jan ƙafa yana jin ta. Da damina a guji simintin da gansakuka ta hau.

Tef ɗin magina ya fi. Wanda ya ari na tela ya duba gefen santimita, ya bar gefen inci. Yadi ba mita ba ne: yadi ɗaya santimita 91 ne da ɗoriya, har turmin atamfa mai yadi shida bai wuce mita biyar da rabi ba. Wanda ya auna yadi goma ya kira shi mita goma ya ƙara wa mara lafiya saurin da ba shi da shi. Aunawa da taku kuwa ba awo ba ne sam.

Layi huɗu za a ja a ƙasa, da alli a kan siminti ko da toka a kan ƙasa: na farko a wurin tashi, na biyu a mita 2, na uku a mita 8, na huɗu a mita 10. Mara lafiya zai yi tafiyar mita goman duka, amma agogo zai ƙirga mita shida na tsakiya ne kawai, daga layi na biyu zuwa na uku. Mita biyun farko na ɗaukar hanya ne, biyun ƙarshe na rage gudu. Wannan shi ne tsarin da ƙungiyar likitocin fisiyon jijiya ta Amurka ta tsayar a ƙa'idojinta na 2018. Akwai masu shimfiɗa mita 14 su ƙirga goma na tsakiya, akwai kuma masu danna agogo tun daga tsaye. Kowanne yana da masu yin sa, sai dai lambobinsu ba sa zama ɗaya, don haka ba a gwama su. Na zaɓi na mita shida ne don ya fi samun wuri a gidajenmu.

Layukan tsakiya biyu a yi su ƙanana, a gefe, inda mai agogo zai gani amma ba za su ɗauki hankalin mai tafiya ba. Mutum in ya ga layi a gabansa yakan rage tafiya kamar ya iso. Kujera ɗaya a wurin tashi, ɗaya a bayan layin ƙarshe. Ma'aikacin lafiya da ke zagaya gidaje zai iya yanka igiya mai mita goma ya ƙulla ta a mita 2 da mita 8, ya huta da auna fili kullum. Amma igiyar roba tana miƙewa, sai ya riƙa gwada ta da tef lokaci zuwa lokaci.

Kafin a tashe shi

Ba kowane mara lafiya ake yi wa wannan awo ba, kuma ba kowace rana ba. Wanda sai an ɗaga masa ƙafa an ajiye, ko sai mutum biyu sun tallabe shi, ba a kai lokacinsa ba. A rubuta sifiri da kwanan wata, wannan ma sakamako ne, kuma ranar da ya samu lamba ta farko za a san daga ina aka taso.

A fara da awon jini. Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne ke bayan kusan tara cikin goma na shanyewar jiki a wannan yanki namu. Ke nan kusan duk wanda za ka auna mai hawan jini ne. In yana zaune a huce na sama ya haura 180, ko na ƙasa ya haura 100, ko bugun zuciya ya wuce 120 a minti, a bar awon tafiya a nemi mai duba jinin. Haka in yana jin ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi na sarƙe masa, ko zazzaɓi. Maganin hawan jini kansa yakan sa jiri in mutum ya miƙe farat ɗaya, don haka ya zauna a bakin kujera tukuna, ya miƙe, ya tsaya kamar minti ɗaya kafin a ce ya taka. Mai ciwon suga kada a auna shi da yunwa bayan ya sha magani. Mai azumi, na Ramadan ne ko na kafin Ista, a auna shi da safe, kuma a rubuta cewa yana azumi.

Sai sutura, wadda mutane ke rainawa. Zanin da aka ɗaure tamau har idon sawu yana rage tsawon taku. Babbar riga tana harɗe sanda. Silifa kuwa abokiyar gaba ce: ƙafar da ta shanye yatsunta ba sa riƙo, sau da yawa ma gaban ƙafar faɗuwa yake yi ƙasa, sai silifar ta zame ko ta naɗe. Takalmi sau-ciki, ko sandal mai maɗauri a dunduniya, shi ake so. Idan ba shi, ƙafa ba takalmi a kan daɓe mai tsabta ta fi silifa, in dai mutumin ba mai suga ba ne. Abin da aka sa yau shi za a sa a awo na gaba.

Sandarsa, ko mai ƙafa huɗu ce ko ta gargajiya, da takalmin roba mai tallafe idon sawu in yana da shi, duk ya yi amfani da su yadda ya saba. Ba jarrabawar jarunta ake yi ba. Sandar tana hannun da ke da lafiya.

Mutum biyu ake so: mai agogo da mai tsaro. Mai tsaro ya tsaya ta ɓangaren da ya shanye, ɗan baya kaɗan, kamar rabin taku. A ɗaura wa mara lafiya gyale mai ƙarfi ko tawul a ƙugu, yadda in ya yi tangaɗi akwai abin kamawa. Kada a kama hannun da ya shanye, ko a awo ko a wajen awo. Tsokar da ke riƙe kafaɗar ta saki, kuma jan hannun yana iya gocar da ita ya bar mutum da ciwon da zai fi shanyewar damunsa. Kada kuma mai tsaro ya shiga gaba ko ya jera kafaɗa da shi, domin ba tare da an sani ba mara lafiya zai ɗauki saurin na kusa da shi, a ƙare da auna tafiyar ɗansa.

Awon kansa

Mara lafiya ya tsaya yatsunsa a bayan layin farko. Mai agogo ya faɗi umarni gajere, kuma kalmomin da ya faɗa yau su zai faɗa kullum. Misali: "Baba, in na ce mu je, ku yi tafiyarku irin ta kullum, ba gaggawa, har ku kai waccan kujera." Shi ke nan. Ba "yauwa, yauwa", ba "saura kaɗan", ba tafi. Yara da maƙwabta masu kallo a sallame su cikin mutunci. Dattijon da jikokinsa ke kallo ko dai ya yi abin da ya fi ƙarfinsa ko kunya ta ɗaure shi.

Harshen umarni ma abin lura ne a nan. Kafanchan gari ne da mahaɗar jirgin ƙasa ta tara wa jama'a tun shekarun 1920, kuma Hausa ce ke haɗa Bajju da Atyap da Ham da Agworok da Fantswam da Fulani a kasuwa da asibiti. Amma shanyewar da ta taɓa ɓarin dama sau da yawa tana zuwa da matsalar magana da fahimtarta, kuma ba lallai ta taɓa duk harsunan da mutum ke ji daidai wa daida ba. Tsohuwar da ta yi shekara hamsin tana ciniki da Hausa tana iya fin gane Jju ko Tyap ko Hyam yanzu. A gwada, a ga wanda ta fi kamawa, a tsaya a kansa. In magana ta ƙi, mai agogo ya yi tafiyar sau ɗaya tana kallo. Masu shanyewar hagu kuma wasunsu sukan manta da duk abin da ke hagunsu, su riƙa karkata ko su bugi bango. Irin waɗannan a ba su fili mai faɗi.

Mai agogo ya bi daga gefe yadda idonsa zai kasance daidai da layi lokacin da ƙafa za ta ƙetare shi. Da zarar wani sashe na ƙafar da ke gaba ya ƙetare layin mita 2, ya danna. Da zarar wani sashe na ƙafar da ke gaba ya ƙetare layin mita 8, ya tsayar. Kowace ƙafa ce ta riga, ita ce. Ya rubuta sakan da ɗigonsa yadda waya ta nuna, kada ya cike. Mara lafiya ya zauna ya huta har numfashinsa ya daidaita, a sake na biyu. Sannan, in jikinsa ya ba da dama, a yi wasu biyu da umarni daban: "Yanzu ku yi sauri iyakar yadda za ku iya ba tare da kun faɗi ba." Tafiyar kullum ita ake fara yi, in aka fara da ta sauri, saurin yakan bi mutum cikin ta biyun.

Lissafin ba wuya. A haɗa lokutan biyu a raba biyu, sannan a raba shida da abin da aka samu. A ce Mama ta yi sakan 12.4 da 11.6. Tsakiyarsu 12. Shida a raba da 12 ya ba da 0.5. Saurinta mita 0.5 ne a sakan ɗaya. Haka za a yi wa na saurin, a rubuta shi daban.

In akwai mutum na uku, ya ƙirga taku tsakanin layukan tsakiya. Taku 20 a mita shida na nufin kowane taku santimita 30 ne, kusan rabin na mai lafiya. Likitan fisiyo zai so wannan, domin yana nuna masa ko saurin da aka samu daga tsawon taku ya zo ko daga yawan ɗaga ƙafa.

Abin da lambar ke faɗi

Babban mutum mai lafiya, in ba ya gaggawa, yana yin tsakanin mita 1.2 da 1.4 a sakan. Mita shidan nan cikin sakan biyar ko ƙasa da haka zai cinye su. Ga masu shanyewar jiki, ma'aunin da aka fi amfani da shi ya samo asali ne daga aikin Dakta Jacquelin Perry da abokan aikinta a asibitin Rancho Los Amigos na Kalifoniya, da suka buga a 1995 bayan nazarin marasa lafiya 147. Daga nan aka fitar da mataki uku. Ƙasa da 0.4, tafiyar cikin gida ce: ɗaki, tsakar gida, bayi. Daga 0.4 zuwa 0.8, mutum na iya fita waje amma da iyaka. Sama da 0.8, yana iya shiga gari. Wanda ba ya son raba lamba ya riƙe sakan biyu kawai: a mita shida, sakan 15 shi ne 0.4, sakan 7.5 shi ne 0.8. A 2017 George Fulk da abokansa, da suka ɗaura wa marasa lafiya na'urar ƙirga taku suka ga yawon da suke yi a zahiri, sun ce iyakokin sun fi kusa da 0.49 da 0.93. Wato tsohon ma'aunin yana ɗan yi wa mutane kara.

Ni a ganina ko sabon ma yana yi mana kara, domin an gina su ne a garuruwan da ke da hanyar masu ƙafa da fitilar tsallaka titi. A Amurka, kafin 2009, an daɗe ana saita wannan fitila a kan mita 1.2 a sakan. A nan ba fitila. Akwai kwata a buɗe, da jar ƙasa mai santsi in an yi ruwa, da 'yan acaɓa da Keke Napep. Saboda haka lambar ba ta da amfani sai an mayar da ita tafiyar da mutumin ke son yi. Titi mai faɗin mita bakwai, mai 0.8 zai ƙetare shi cikin sakan tara. Mai 0.4 sai ya yi sakan 17 da rabi a tsakiyar kwalta, kuma babur mai gudun kilomita 40 a awa yana cin kusan mita 190 a wannan lokaci. Wato babur ɗin da zai same shi bai ma bayyana ba lokacin da ya sa ƙafa. An ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. A kan hanyar Kagoro ranar kasuwa, sannu tana iya hana zuwa. Coci ko masallacin da ke nisan kilomita ɗaya, mai lafiya minti 14 ne, mai 0.8 minti 21, mai 0.4 kusan minti 42, in har ƙarfinsa ya kai.

A nan ne awon sauri ke da ranarsa. In tafiyar kullum 0.5 ce ta sauri kuma 0.75, akwai ajiya a jikin. In mota ta taso zai iya ƙarawa. In ta kullum 0.5 ce ta sauri 0.52, iyakarsa ke nan, kuma bai kamata ya tsallaka titi shi kaɗai ba ko da ya yi rantsuwa zai iya. Iyali sun fi karɓar wannan magana in sun ga lambobin biyu da idonsu, shi ma mara lafiyar haka.

Nawa ne canjin da ya isa a kira shi canji? Binciken Julie Tilson da abokan aikinta na 2010, a kan waɗanda ke tsakanin kwana 20 da 60 da kamuwa, ya sa shi a 0.16: wanda ya ƙaru da haka yakan kasance ya rage dogaro da mutane a zahiri. Ga wanda ya daɗe da ciwon, ƙarin 0.1 ma abin a yaba ne. Bambancin 0.02 ko 0.03 kuwa ba komai ba ne. Yatsan mai danna agogo kaɗai ya isa ya kawo shi. Duba: sakan 7.5 shi ne 0.80, amma in aka makara da rabin sakan ya zama 0.75, in aka yi gaggawa da rabin sakan ya zama 0.86. Shi ya sa ake yi sau biyu, shi ya sa kuma ake so mutum ɗaya ya riƙa riƙe agogon.

Sirrin sana'ar duka a nan yake: a maimaita komai yadda aka yi shi. Ba a sayen hatsi da mudu ɗaya a sayar da wani sannan a ce an san riba. Fili ɗaya, takalmi ɗaya, umarni ɗaya, lokaci ɗaya na yini. Gajiyar da ke bin shanyewar jiki ta wuce gajiyar da muka sani, kuma mutumin da ya yi 0.6 da hantsi yana iya yin 0.45 da la'asar ba tare da wani abu ya lalace ba. Sanyin hunturu da sassafe ma yakan ƙara ɗaure gaɓoɓin da suka riga suka ƙage. In dole wani abu ya canza, a rubuta. Wanda ya bar sanda mai ƙafa huɗu ya koma mai ƙafa ɗaya saurinsa na iya raguwa na ɗan lokaci, alhali ci gaba ya samu. In ba a rubuta sandar ba, takarda za ta ce ya koma baya.

Littafin makaranta mai arha ya isa. Kowane awo layi ɗaya: kwanan wata, ƙarfe nawa, awon jini, sakan na kullum, sakan na sauri, irin sanda, irin takalmi, da ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba. Wannan na ƙarshen yana da nauyi: mai 0.5 da hannun ɗansa a ƙugunsa da mai 0.5 shi kaɗai ba matsayinsu ɗaya ba. Shawarata a auna duk mako biyu a watanni ukun farko, daga nan wata-wata. Kullum-kullum ba ya ƙara sani, sai dai ya sa mara lafiya fargaba.

Abin da mita goma ba ta gani

Awon gajere ne, don haka yana ɓoye gajiya. Akwai wanda zai yi 0.8 a baranda amma bayan mita ɗari ƙafar ta fara ja, gwiwa ta fara turewa baya, ya nemi wurin zama. Ga wanda ya fara fita waje, a ƙara da awon minti shida: kujera biyu a nisan mita 12, ya riƙa kai da komowa yana zagaya su, ya tsaya ya huta a tsaye in ya so amma agogo na tafiya, a ƙarshe a lissafa mitocin da ya ci. Mai 0.8 da zai riƙe saurinsa zai yi mita 288. Da yawa ba sa kaiwa, kuma gibin shi ne labarin. Manomin citta a Kachia ko Jaba da ke tambayar yaushe zai koma gona, wannan awon ne ya fi kusa da amsa masa, ko da yake kunya da gangaren gona wani abu ne daban da siminti.

Ba ya kuma auna kyawun tafiya. Mutum na iya ƙara sauri ta hanyar wurga ƙafar a kewaye daga ƙugu, ko jingina nauyinsa duka a ɓarin lafiya. Lamba za ta hau, amma baya da gwiwar lafiya za su biya daga baya. Ɗan bidiyo na waya, daga gefe da kuma daga gaba, da izinin mara lafiya, yana cike wannan gurbi in an kai wa likitan fisiyo tare da littafin. Da waɗannan biyun, zuwa ɗaya asibitin Jos ko na Shika ko na Barau Dikko a Kaduna yana iya yin amfanin zuwa uku, domin likita ba zai fara daga tambayar yaya jiki ba.

In lamba ta tsaya cik awo uku a jere cikin watannin farko, atisayen ne ke bukatar canji, kuma lokacin neman likitan fisiyo ke nan, ba lokacin sallamawa ba. In tana sauka a hankali, a bincika abubuwan da ke saurin ɓuya: ciwon gwiwa ko kafaɗa, zazzaɓin cizon sauro, ciwon fitsari, sabon magani mai sa barci, tsoron da ya biyo bayan wata faɗuwa da aka ɓoye wa 'ya'ya, ko baƙin cikin da ke kama da yawa daga masu wannan ciwo har su daina son tashi daga gado. Ƙafar da ta kumbura ita kaɗai, da zafi a sha-raɓa, tana iya zama gudan jini a jijiya. Wannan ba a murza shi ba a kuma tafiya a kansa, asibiti ake kai shi a ranar.

In kuwa koma bayan na farat ɗaya ne, jiya yana takawa yau ƙafar ta ƙi, ko baki ya sake karkacewa, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, a ajiye tef da agogo. Wanda ciwon ya taɓa bugu yana cikin haɗarin bugu na biyu, musamman a shekarar farko. Kada a ba shi abinci ko ruwa ko wani jiƙo, domin haɗiya na iya ɓacewa ya shaƙe. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, don shi likita zai fara tambaya, a nemi mota zuwa babban asibiti mafi kusa a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.